Maɓallin da Ya Kashe Albasar Jiratawa

Ko zan manta komai a sana'ata, ba zan manta ranar da na kashe albasar wani dattijo a Jiratawa ba, ina zaune a kan kujerata a Sabon Garin Maradi, da yatsa ɗaya.

Aikina gina shafukan intanet ne. A lokacin na yi wa wata ƙungiyar masu noman rani shafin rabon ruwa. A da, mai son ruwa sai ya tare mai rabo a ƙofar masallaci ya faɗa masa da baki, shi kuma ya manta ko ya yi kamar ya manta. Da shafina kuwa, ka danna maɓalli a wayarka, ya yi tsanwa, sunanka ya hau jerin waɗanda za a buɗe wa ruwa a makon. Ni da kaina na matsa aka kafa doka: ba suna a jeri, ba ruwa, ko da kakan mai rabo ne. Har tafi aka yi mini.

Na gina shafin da firamwok, wato tubalin manhaja da wasu ke ƙerawa su ajiye kyauta ga duk mai so. Shekara biyu ina ɗiba ban taɓa tambayar wa ke kula da shi ba. Wata safiya sabuwar sigar firamwok ɗin ta fito, na yi mizajur, wato na sabunta shafina da ita. Na gwada a kwamfutata, na gwada a sabuwar wayata, komai lafiya lau. Na tashi na je shan shayi.

Bayan kwana tara mai rabon ruwa ya kira ni. Bai ko gaishe ni ba, ya ce, "Taho ka ga aikinka."

Na tarar da shi tsaye da wani dattijo a bakin fage. Dashen albasa duk ya kwanta ya yi ruwan ɗorawa, ƙasar ta tsage, alhali fagen maƙwabci shar yake. Sau biyu ruwa ya bi ta kanal ya wuce fagen dattijon. Dattijon ya yi ta rantsuwa ya danna, mai rabo ya yi ta nuna masa jeri, babu sunansa. Dokata ta yi aiki yadda ya kamata.

Na ce, "Baba, ka tabbata kuwa ka danna?"

Sai ya zaro waya daga aljihu. An ɗaure ta da roba, gilashin ya tsage, nabigatar da ke cikinta, wato abin buɗe shafin intanet, ta girmi auren wasu. Ya danna a gabana, maɓalli ya yi tsanwa. Na duba jeri a tawa wayar, wayam.

Ya ce, "To, ɗana, mi ya rage ban yi ba? Ka ce in ya yi tsanwa in tahi gida. Na tahi gida."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Da na koma Maradi sai na juya kunyar ta zama fushi. Na rubuta wa masu firamwok doguwar wasiƙa a dandalinsu, na ce wane irin kamfani ne wannan da zai karya abu bai yi shela ba. A raina ina hango bene mai hawa goma da ma'aikata sanye da kwat.

Amsa ta zo washegari, daga mutum ɗaya. Ya ce ba kamfani ba ne, shi kaɗai ne ya rage, yana taɓawa in ya taso daga wurin aikinsa. Ya cire ɓangaren da ke lallaɓa tsofaffin nabigatar ne don ya gaji da toshe shi, kuma ya daɗe yana tambaya ko akwai mai bukatarsa, ba wanda ya tanka. Ya ƙara da cewa shi ba shi da irin wannan waya, in ina da ita in gwada in aiko gyara. Na je na duba. Tambayar tana nan a saman shafin firamwok ɗin, da manyan baƙaƙe, daidai inda nake tsallakewa kullum.

Na koma Jiratawa aron waya. Baba ya miƙo mini ita ya ce, "In an kira ka ce ina gona. Kada ka cire robar, ita ka riƙe da batir."

Kwana uku na yi da ita kafin maɓallin ya daina ƙarya. Na aika gyaran, mutumin ya karɓa, ya yi godiya, sannan ya rubuta sunana a matsayin mai kula da wannan ɓangaren. Ban roƙa ba. Tun daga ranar nake samun wasiƙu daga ƙasashen da ban san da su ba, ana tambayata wane irin kamfani ne wannan.

Albasar dai ba ta tashi ba, noman ranin Baba na shekarar ya tafi. Da na mayar da wayar na ba shi haƙuri, sai ya ce, "Ya wuce. Amma ran Asabar muna yashe kanal. Duk mai shan ruwanshi zuwa yakai." Na ce ai ni ba ni da fage. Ya ce, "Ka ko sha." Ya miƙo mini shebur.

Abin da na koya ke nan: duk abin da kake ɗiba kyauta, akwai wanda ke cikin laka yana yashe shi, kuma in ya yi tambaya a amsa masa. Har yau, in sabuwar siga za ta fita, mai firamwok ɗin nan yakan jira ni, ni kuma in hau babur zuwa Jiratawa in jira Baba ya gama ban ruwa, ya goge hannunsa, ya danna.