Rauta a Cikin Kwalla

A gidanmu na Daura waya ba ta kamawa sai ka fita ƙofar zaure, wani lokacin ma sabis ɗin Nijar take jawowa. Shi ya sa na sayo 'yar rauta mai batir, wato na'urar kamo intanet, mafi araha a shagon, mai ƙaho biyu kamar ɗan akuya. Na ɗora ta a tagar Inna, mahaifiyata, don ta riƙa ganin autarmu da ke aure a Legas.

Da damina aka yi wa auta aikin haihuwa. Ina kasuwar Mashi mijinta ya kira ni ya ce jiki da sauƙi. Na dawo na faɗa wa Inna. Ta ture kwanon tuwo.

"Da sauƙi? Haka kuka ce mini ranar da babanku ya cika. Sai na gan ta da idona."

Ba ta yi ƙarya ba. Mu ko mutum na gargara, da sauƙi muke cewa.

Na ɗauko waya, babu wayfai. Na duba taga, babu rauta. Na birkice ɗaki, na zargi ɓera, na zargi yaran maƙwabta, har na fara faɗa. Inna na zaune tana jan carbi.

"Wai me kake nema?"

"Abin nan mai ƙaho, Inna."

"Au, yana cikin kwalla. Ruwa ke fesowa ta taga, abu mai tsada a bar shi ya jiƙe?"

Kwallar ƙarfe ce ta jeren aurenta, inda take ɓoye duk abin da take ji da shi. Ashe ta naɗe rautar da ɗankwali, ta rufe da murfi ruf. Ina ɗaga murfin na ga 'yar fitilarta tana ƙyafta ido, waya ta kama nan take.

Na yi kiran bidiyo, fuskar auta ta fito, ta rame amma tana murmushi. Inna ba ta tambaye ta jiki ba.

"Tashi ki taka in gani."

Auta ta dafa gado ta miƙe, ta taka a hankali har bakin ƙofa ta dawo.

Inna ta share ido da gefen mayafi, ta dube ni.

"Kai, ɗumamo mini tuwon nan."