Ranar da Aka Sauko da Teburin Manaja

Komai zan iya mantawa na aikina a Kaoje, ban da lokacin da aka ce 'yan dako su riƙa ɗaukata zuwa ofis.

A wani injin casar shinkafa nake aiki. Ni ke magana da 'yan kasuwar da ke zuwa daga Benin, don ina jin Dendi da ɗan Faransanci. A keken guragu nake zuwa, shan inna ya taɓa ni tun ina yarinya. Da ambaliya ta ci ofishinmu, sai aka gina sabo a kan dandamali mai tsawo, da matakala. Na nemi a yi mini gangara da kekena zai iya hawa.

Manajanmu, dattijo mai fara'a, ya ce, "Mi za a yi da gangara, Malama? Ga 'yan dako nan, su ɗauke ki su samu lada."

Na ce, "Alhaji, ina matar aure ƙarti su cicciɓe ni?"

"To ki zauna gida, duk Juma'a a aiko miki da ɗan wani abu."

Wallahi raina ya ɓaci. Shi kuwa har zuciyarsa gani yake alheri ya yi mini, ni kuma aikina ne ke shirin kuɓucewa.

Kamar kowa a wajenmu, kotun shari'a na nufa a Bagudo. Alƙali ya saurare ni tsaf, ya ce ƙarar aiki ba huruminsa ba ce, ya tura ni wajen wata lauya da ke taimakon marasa ƙarfi kyauta. Ita ta gaya mini akwai dokar da ta hana a nuna wa mai nakasa bambanci a wurin aiki. Ta ce da sulhu za mu fara, in ya ƙi akwai masu kare haƙƙin ɗan Adam, akwai kotun ma'aikata.

Ranar da ta zo injin, sai ta ƙi hawa matakalar. Ta tsaya kusa da kekena ta ce inda nake a nan za a yi magana. Manaja ya ruɗe, don bai saba barin baƙo a tsaye ba. Nan da nan ya sa aka sauko da teburinsa, da kujeru, har da fanka.

Lauya ta yi murmushi. "Alhaji, yanzun nan aka sauko da naka teburin. Me ya hana a sauko da nata?"

Ya dubi teburin, ya dube ni, ya gyara hula. "Wallahi ban yi wanga tunani ba."

Na kasa riƙe dariya. A wata rumfa a ƙasa aka ajiye teburina, na ci gaba da aiki har aka gama gangarar, ba mu ko kai kotun ma'aikata ba.

Abin da na koya shi ne, mai tausayinka ma yana iya zaunar da kai gida da kyakkyawar niyya. Tun daga nan, in abu haƙƙina ne, ba na nemansa da muryar roƙo.