Ɗan Abijan na Bakin Tafki

A bakin tafkin Madarumfa akwai wani tsoho mai ɗinke wa masunta koma, sunansa Ɗanladi, amma kowa Ɗan Abijan yake ce masa. Shi kuwa ratsa Abijan kawai ya taɓa yi. A wani ƙauyen manoman koko ya ƙarar da ƙuruciyarsa, can cikin dajin Kwaddibuwa.

Yana saurayi aka yi babban fari. Wani mutum ya zo da kamiyo, babbar motar kaya, har Gabi, garinsu, yana cewa can kudu ana neman ma'aikata ido rufe, wanda duk ya sare daji gonar ta zama tasa. Ɗanladi ya hau. Ya sare daji da adda, ya dasa koko, ya auri Ɗelu, ɗiyar wani mutumin Tasawa, suka haifi Asma'u. Masu ƙauyen ba sa biki sai da shi.

Da farashin koko ya faɗi warwas, sai bakin 'yan siyasa ya sauya. Kullum a taro ana cewa baƙi sun cinye ƙasa. Aka fara tambayar takardu a kan hanya, shi kuwa da baki aka ba shi gona, gaban dattawan da duk sun rasu. Shekarar da yaƙi ya ɓarke, maƙwabcinsa ya same shi yana shanya koko, ya kasa kallonsa.

"Ka tafi yau. Gobe ba zan iya tare masu korar baƙi ba."

Bayan shekara ashirin da tara, ya fito da buhun tufafi ɗaya. Ɗelu ta kwanta ciwo a hanya ta rasu, aka binne ta a wani garin da bai riƙe sunansa ba.

A Gabi ya tarar 'ya'yan wansa sun raba gonar gado. Ba su kore shi ba, ba su kuma matsa masa wuri ba. Ya koma Madarumfa ya koyi ɗinkin koma.

Asma'u ta fi shan wuya. Can an ce ita baƙuwa ce, nan kuma duk biron gwamnati da ta shiga sai a nemi takardar haihuwarta, wadda ta ƙone da gidansu. Aurenta ya mutu. Shekara uku da suka wuce ta bi mota zuwa Aljeriya. Sau biyu ta kira daga Arlit, a kan hanya, shi ke nan.

Kwanan baya ya ji a rediyo labarin baƙaƙen fata na tsibiran Karibiyan, waɗanda Ingila ta kira bayan yaƙin duniya na biyu su yi mata aiki, da suka tsufa aka ce wa wasunsu su kawo shaidar zama ko a kore su. Ya ajiye allura.

"Su ma har da 'ya'yansu?" ya tambayi masuncin da ke kusa. Masuncin bai sani ba.

Yanzu idonsa ya fara hazo, masunta sun soma kai komarsu wani wuri. Duk ranar da aka ce an sauke korarru daga Aljeriya, yakan roƙi a rage masa hanya zuwa tashar Maraɗi, yana bin matan ɗaya ɗaya yana faɗa musu sunanta.