Hannun da ke yi wa Inna kitso

Salama gare ku 'yan uwa. Na san an daɗe ba a ga hoton kitso ko ɗaya a shafin nan ba. Wasu sun ce haihuwa na yi, wasu sun ce kuɗi na samu na raina sana'a. To ba ko ɗaya, hannuna na dama ne ya tafi yajin aiki.

Abin ya faro ne bara bayan kaka, lokacin bukukuwa, ina kitso tun hantsi har magariba. Sai babban yatsana da biyun da ke kusa da shi suka riƙa yin zir-zir kamar tururuwa na yawo a ciki. In na farka daga barci sai na yi ta yarfe hannun kafin ya dawo. Na ce sanyi ne, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji.

Wata rana ina tsaga kan wata amarya, kibiya ta suɓuce ta faɗi, ni kuwa ban ji fitarta daga hannuna ba. Ranar na tsorata ƙwarai.

Kwastomomi ba su ne babbar damuwata ba, Malumfashi cike take da makitsa. Damuwata Inna ce, mahaifiyata, da ke zaune a Dayi. Idonta ya yi rauni, kuma tun ina budurwa ba wanda ke taɓa mata kai sai ni, duk Juma'a. Ni ce 'yar fari, don haka ko sunana ba ta faɗa, balle ta yaba min. Yabonta ɗaya ne: ina kama gashin za ta ce, "Ke, a hankali, kan mutum ne ba igiyar guga ba."

Da hannun ya mutu, na lallaɓa na yi mata kalaba, har na gama ko sau ɗaya ba ta ce in yi a hankali ba. Ta shafa kan ta ce, "Wannan ai bai kamu ba." Kafin wata Juma'ar ya warware. Ƙanwata ta ce za ta yi mata, Inna ta ja ɗankwali ta ɗaure, ta ce za ta jira.

Haka ta zauna da kai a tsefe wata da watanni. Wallahi ya fi ciwon damuna.

Na je wurin mai ɗori, ya ja hannun har na ga taurari, ya ce targaɗe ne. Maman Chidi, maƙwabciyata mai shagon kayan kitso, ita ta tsare ni. "Rabi, ba ki faɗi ba, ba ki buge ba, targaɗe daga ina? Ki je asibiti."

A Funtua likita ya ƙwanƙwasa min tsintsiyar hannu, na ji kamar lantarki har ƙarshen yatsu. Aka gwada suga, babu. Ya tura ni Zariya aka yi gwajin jijiya, wanda ake manna wayoyi a hannu ana ɗan zabura mutum. Da na kawo masa sakamakon ya ce wata jijiya ce da ke ratsa tsintsiyar hannu ta matse. "Ba ki makara ba. Amma in naman gindin babban yatsan nan ya fara zubewa, sai aikin tiyata."



Ya ba ni wani maɗauri mai ƙarfe a ciki, in riƙa kwana da shi don kada hannun ya lanƙwashe. Da saninsa na fara zuwa wurin wani ƙwararre a Zariya, mai gyaran wuya da ƙashin baya da hannu. Shi bai fara da hannun ba, cewa ya yi, "Hajiya, zauna yadda kike zama in kina kitso." Na tsuguna, na dunƙule, na sunkuyar da wuya. Ya yi dariya ya ce, "Ashe har wuyan ma kin matse wa jijiyar hanya."

Ya riƙa danna min wuya da kafaɗa da damtse, ya koya min miƙe yatsu da tsintsiyar hannu. Ya kuma gaya min gaskiya, in ba a ga sauƙi ba in koma wa likitana a yi aikin. Zirga-zirgar nan ta cinye min tunkiya sukutum da 'yarta, ban ɓoye muku ba.

Sauƙin bai zo a guje ba. Barci ne ya fara dawowa, sai na iya saka maɓalli, sai tsinke. Kafinta ya yi min kujera mai tsawo da majingina, na sallami 'yar tsugunno.

Na gode wa Allah, na gode wa maigidana da ya sha tuwo mai gudaji na hannunsa bai yi ƙorafi ba, da likitocin nan biyu, da Maman Chidi. 'Yan uwana makitsa, masu lalle, masu ɗinkin hula, masu ɓarzar masara: in yatsu suka fara mutuwa ku je a duba, kada a tsaya ana cewa sanyi ne. Kada ku bari a ja muku hannu ko a murɗa muku wuya ba a san ciwon ba. Ku riƙa hutawa tsakanin kai da kai. Wani sai an yi masa aiki, kuma ba abin gudu ba ne.

Juma'ar da ta wuce na hau mota zuwa Dayi da sabuwar kujerata a cinya, 'yan mota na ta tsokanata. Inna ta kwance ɗankwalin da kanta. Na shafa mai, na tsaga, na kama layin farko. Na kama na biyu.

Sai ta ɗan noƙe wuya ta ce, "Ke, a hankali, kan mutum ne."

Na ce, "To, Inna." Ban sassauta ba ko kaɗan, ita ma ba ta sake cewa in sassauta ba.