Takobin da ya bi gidajen haihuwa

Duk wanda ya san Gumel ya san Malam Sha'aibu mai awon gero, kuma ya san haukansa. Takubba ashirin da uku ne rataye a ɗakinsa, tsofaffi, na sojan doki, wasu har da lambar Turawa a gindi. Mutane na cewa tara su yake don sha'awa. Ina! Guda ɗaya yake nema, sauran duk a hanya ya tsince su.

Kakansa Haladu ya yi sojan dokin Faransa a Damagaram, ya dawo da takobi mai lanƙwasa, ya sa aka zana sunansa da ajami a jikin ƙarfen. Bayan rasuwarsa wata maƙwabciya ta haihu, aka ari takobin aka ajiye a wajen kan jariri, kamar yadda ake ajiye ƙarfe don tsari. To, aron ke nan. Daga wannan maijego sai waccan, har ya bar gari. Sha'aibu yana ɗan shekara tara ya yi masa ganin ƙarshe.

Shekara talatin yana bin sawu, Maigatari, Gagarawa, yana tambayar tsofaffin mata wa ya haihu bayan wa. Abin dariya, namiji da gemu yana ƙidayar jego! Sai ga ciwon ido, likita ya ce abin da ya rage na ganinsa ba zai kai kaka ba. Nan hankalinsa ya tashi. Ya rufe rumfa, ya daina cin abincin kirki, don shi kaɗai ya rage da zai gane rubutun.

A Ɗanzomo aka nuna masa gidan wata ungozoma, Zinariya. Ya durƙusa a zaure ya gaishe ta.

"Iya, don Allah, takobi mai lanƙwasa, mai rubutu."

"Yana nan, Malam," in ji ta. "Albarka gare shi, 'ya'ya sun fi ɗari da suka kwana da shi. Sai dai bara mata huɗu suka haihu mako guda, kowa na so. Na kai wa maƙeri ya raba shi huɗu, kowacce ta samu."

Ta shiga ta fito da 'yar wuƙa, tsawon tafin hannu, an wasa ta tas tana ƙyalli. Sha'aibu ya fita rana da ita, ya kai ta dab da ido, ya juya, ya sake juyawa. Ya bi ta da babban yatsa. Sumul, ko wasali ɗaya maƙerin bai bari ba.

"Shi ne?" Zinariya ta tambaya.

"Ban sani ba, Iya," ya ce, hawaye na zuba. "Wallahi ban sani ba."

Jariri ya tsala kuka a ciki, ta miƙo hannu a ba ta wuƙarta.