Murhun Kawu Dogo

Kawu Dogo, ƙanin mahaifiyata, a tuƙin babbar mota ya tsufa, kuma duk garin da ya ratsa sai ya tsaya wajen masu gashin nama. Da ya ajiye tuƙi, ya kafa nasa murhun a ƙofar gida.

Ba ya ɗora maka nama sai ya ji inda ka taso. Mutanen bakin ruwa, in ji shi, a lemun tsami suke jiƙa nasu. Na kan tudu naman shanunsu tauri gare shi, sai an rufe shi hayaƙi ya wuni yana lallashinsa. Makiyaya kuwa gishiri kawai, sai wuta mai ƙarfi.

Wata rana wani tela ya ce, "Kawu, duk shirme ne, namu na tudu shi ne gashi!"

"Kai, rufe mana baki! Ba gashi kake yabo ba, hannun babanka kake kewa. Dawo da la'asar."

Telan ya dawo. Ya kai yanka ɗaya baki, idanunsa suka ciko.

"Hayaƙi ne," in ji shi.

"Hayaƙi ne mana," in ji Kawu, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.