Littafin Tsoro a Ɗakin Inna

A shekarata ta biyu a jami'a aka yi wa Inna aikin ido. Bayan aikin likita ya ce ta zauna a ɗaki, kada ta shiga rana, kada ta sunkuya, kada ta kusanci hayaƙin murhu. Inna kuwa mace ce da ba ta san zama ba. Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo daga Maradi don ta taya mu jinya.

A lokacin ne malaminmu na adabi ya ba ni aikin da zan gabatar a gaban aji. Ya ce in karanta wani tsohon littafin tsoro na Turawa, in fito da ire-iren rikicin da ke cikinsa. Ya jera mana su a allo: mutum da mutum, mutum da zuciyarsa, mutum da jama'ar garinsu, mutum da yanayi, sai mutum da abin da ido ba ya gani.

Labarin wani mutum ne da ya gaji tsohon gidan kakansa a kan dutse, gida mai ɗakuna barkatai a kulle. Ya yi rigima da ƙanensa a kan gadon, ƙanen ya fita cikin fushi ana zuba ƙanƙara, bai sake dawowa ba. Tun daga ranar mutumin ya fara jin takun sawu a saman bene, mutanen gari kuma suka daina gaishe shi.

Kullum in na taso daga jami'a a unguwar Lamorde nakan shiga taksi in ƙetare gada, in iso gidanmu a Yantala bayan la'asar. Sai in zauna a ɗakin Inna da littafina, saboda nan ne ya fi sanyi. Wata rana ta ji ƙarar shafi, ta ce, "Ke, me kike karantawa haka shiru?"

Na ce, "Aikin lakkol ne, Inna, malaminmu ya ba ni. Labarin tsoro ne, ba zai yi miki daɗi ba."

"Rediyon nan ta gundure ni. Faɗa mini."

Haka muka fara. In karanta shafi da Faransanci a zuci, in mayar mata da Hausa. Da farko Gwaggo ta ce ita ba ruwanta da tatsuniyar Nasara, tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Ba a yi nisa ba sai ga ta ta jawo tabarma ciki. Daga baya ma in ta tashi duba tukunya sai mu jiyo muryarta daga madafa: "Kada ku wuce ni!"

Gardama ta tashi ranar da muka kai inda mutumin ya tarar da ƙofar ɗakin ƙanensa a buɗe, alhali shi da kansa ya kulle ta. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Na faɗa! Gidan nan da masu shi. Wa zai tare a kango bai yi ko addu'a ba?"

Inna, da auduga manne a idonta, ta girgiza kai a hankali. "Yaya, wanda ya bar ɗan'uwansa ya fita cikin wannan sanyi, ai ba sai aljani ya zo masa ba. Zuciyarsa ce take taka masa bene."

"To zuciyar ce ta buɗe ƙofar?"

"Iska ce."

"Ai abin da nake faɗa ke nan. Iska!"

Muka tuntsire da dariya, har Inna ta dafe gefen fuskarta tana cewa mu bari, kada ɗinki ya warware.

Mutanen garin ma ba su tsira daga bakin Inna ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai, a ce mutum ya rasa ƙanensa amma babu wanda ya hau dutsen ya yi masa jaje, ko ya aika masa da ɗan abinci. Gwaggo ta tare musu, ta ce ko ita ce ba za ta taka gidan ba. Ni dai ina tsakiya ina sauraro, aikina yana ta fitowa fili ba tare da na sha wahala ba.

Marubucin bai raba musu gardama ba. A ƙarshe an tsinci mutumin a zaune bakin ƙofar gidan, sanyi ya kashe shi, fuskarsa kamar ta mai jiran baƙo. Gwaggo ta ce kiran sa aka yi ya fito. Inna ta ce ƙanensa ya fito jira. Kowacce ta tashi da yaƙinin ita ce ta yi nasara.

Ranar gabatarwa na bi rikice-rikicen ɗaya bayan ɗaya da misalansu. Da na gama malamin ya tambaye ni wanne ne ya fi ƙarfi a littafin. Na ce masa gaskiya ban sani ba, ko a gidanmu an rabu biyu. Aji ya yi dariya. Ya ce a ɗaga hannu, sai ga shi su ma sun rabu, aka ci sauran lokacin darasin ana musu. Na sami maki mai kyau, ko da yake ya ce ban ba wa yanayi haƙƙinsa ba, kuma da gaskiyarsa, don ni ban taɓa ganin ƙanƙara ta rufe hanya ba.

Da aka cire wa Inna audugar muka dawo daga asibiti, ta zauna a tsakar gida ƙarƙashin inuwa tana ta kallon komai, har da tsagar da ke jikin katanga. Can ta ce in kawo mata littafin. Ta riƙe shi nesa da fuska, ta daɗe tana duban hoton da ke bangonsa.

"Wannan ne gidan?"

Na ce shi ne.

Ta miƙa wa Gwaggo. "Yaya, duba. Ashe ɗan ƙarami ne. Ni nawa na cikin zuciya ya fi wannan girma nesa ba kusa ba."

Gwaggo ta duba, ta taɓe baki, ta ce ita dai ko kyauta aka ba ta ba za ta kwana a ciki ba.